Ɗan Zulaihatu da Ya Sa Kaki

A arewacin Daura, can wajen Mai'aduwa inda ƙasar Najeriya ke shirin ƙarewa ta Nijar ta fara, akwai wani gari da ake kira Dumurkul. Nan ne asalin Malam Hardo Adamu, bafulatani mai shanu kuma shugaban Fulanin yankinsa. Ranar 17 ga Disamba, 1942, matarsa Zulaihatu ta haifa masa ɗa namiji a Daura, na 23 a jerin 'ya'yansa, aka raɗa masa suna Muhammadu Buhari. A gida Leko ake ce masa, domin bayan tagwaye ya zo. Uban bai daɗe da shi ba. Yaron bai wuce shekara 4 ba Allah ya yi wa Hardo rasuwa, riƙo ya koma hannun uwa, ƙarƙashin kulawar Waziri Alhassan, ɗan Sarkin Daura Musa. Sarki Abdurrahman ne a kan gadon sarautar Daura a lokacin, Turawa kuma suna riƙe da ƙasa.

Duk wanda zai ba da tarihin Buhari ya tsallake wannan maraici, ya bar rabin labarin a baya. Yaron da ya tashi a hannun uwa, a gidan da wani ke riƙe da su, da wuri yake koyon kame baki da kame hannu. Ba ya roƙo, ba ya yawan magana, kuma idan ya yarda da mutum sai ya riƙe shi har ƙarshe. Waɗannan halaye su suka bi shi har tsufa, su suka ɗaga shi, wasu lokutan kuma su suka cuce shi.

Ya yi karatun allo kamar kowane yaron Daura, ya yi elementare a Daura da Mai'aduwa, sannan a 1953 aka tura shi Midil ta Katsina. Daga 1956 zuwa 1961 yana sakandaren lardi ta Katsina, inda ya zama shugaban ɗalibai, ajinsu ɗaya da Shehu Musa 'Yar'aduwa. Shekara 9 ke nan a makarantar kwana: ƙararrawa ta tashe ka, ƙararrawa ta kai ka aji, ƙararrawa ta kwantar da kai. Kafin ya ga bariki, ya riga ya saba da rayuwar da aka tsara wa kowane abu lokacinsa.

A wancan zamani iyaye a ƙasar Hausa ba sa murna da ɗansu ya shiga soja. Ana kallon aikin a matsayin na waɗanda ba su da madafa. Amma gwamnatin Sardauna ta lura cewa hafsoshin sojan Najeriya 'yan Arewa ƙalilan ne, ta shiga makarantu tana jan hankalin samari. Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu ya sa aka ware wa Arewa rabin guraben hafsoshi. Ga kuma misali a gaban idon yaran Katsina: Hassan, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya riga ya sa kaki. Idan ɗan sarki ya shiga, wa zai ce aikin ƙasƙanci ne? Buhari ya shiga makarantar horar da sojoji ta Kaduna, aka tura shi makarantar Mons da ke Aldershot a Ingila, a watan Janairun 1963 ya fito da muƙamin laftanar na biyu yana ɗan shekara 20. Bataliya ta 2 da ke Abeokuta aka fara kai shi, ya kuma je Kwango cikin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da sauran manyan hafsoshin Arewa. A watan Yuli ƙananan hafsoshin Arewa suka mai da martani, Buhari yana cikinsu. Shekara ɗaya bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke. Yana cikin runduna ta 1 ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ya yi yaƙi daga wajen Gakem da Ogoja har zuwa yankin Awka, bai fita ba sai da aka ajiye makamai a Janairun 1970. Wata 30 aka yi ana wannan yaƙi, mutane fiye da miliyan suka mutu, mafi yawansu ta hanyar yunwa a ɓangaren Biyafara.

Wannan yaƙi bai taɓa sakin sa ba. Har ya tsufa, idan aka yi maganar raba ƙasa sai muryarsa ta sauya. A 2021, yana shugaban ƙasa na farar hula, ya yi wa masu tayar da ƙayar baya a Kudu maso Gabas gargaɗi da tunatarwar yaƙin, kamfanin Twitter ya goge saƙon, gwamnatinsa kuma ta rufe shafin a Najeriya har wata 7. Masu goyon bayansa suka ce wanda ya ga gawarwaki da idonsa ne ke magana. Iyalan da suka rasa 'ya'ya a wancan yaƙi kuwa barazana suka ji, kuma suna da dalilin jin haka.

Da yaƙi ya ƙare sai ya nemi aure. A 1971 ya auri Safinatu Yusuf, suka haifi 'ya'ya 5, mata 4 da namiji ɗaya wanda bai yi tsawon rai ba. 'Yar fari sunan mahaifiyarsa ya sa mata. Matar soja ba ta da gari: yau Legas, gobe Kaduna, jibi Maiduguri. A 1973 ya tafi kwas Wellington ta ƙasar Indiya. A 1975, da Murtala Muhammad ya karɓi mulki, aka naɗa shi gwamnan Jihar Arewa maso Gabas yana ɗan shekara 32, ƙasar da yau ta kasu jihohi 6. Bayan kisan Murtala a Fabrairun 1976, Obasanjo ya ba shi ma'aikatar man fetur, a zamaninsa aka kafa kamfanin NNPC a 1977. Nan ne sunan da ya fi kowane suna amfanar sa ya samo asali. Mutumin da ya riƙe man fetur lokacin da kuɗi ke kwarara, ya fito ba gidaje a Turai, ba rijiyar mai, talaka ba ya mantawa da irin wannan.

Ya yi karatu a kwalejin yaƙi ta sojan Amurka daga 1979 zuwa 1980, ya dawo ya riƙe manyan rundunoni a Legas da Ibadan, daga bisani Jos. Yana Jos a 1983 sojojin Chadi suka shigo tsibiran Tafkin Chadi da ke ɓangaren Najeriya. Dakarunsa suka fatattake su, ba su tsaya a kan iyaka ba suka kutsa cikin ƙasar Chadi, har sai da gwamnatin Shagari ta matsa kafin ya janye. Sojoji suka ƙara ganin girmansa, farar hula kuma suka fara ɗari-ɗari da shi.

Daren 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da Alhaji Shehu Shagari, wata 3 kacal bayan rantsar da shi a karo na biyu. Muryar Birgediya Sani Abacha aka ji a rediyo, Birgediya Ibrahim Bako ya rasa ransa a Abuja, Manjo Janar Buhari ya zama shugaban ƙasa, Tunde Idiagbon yana mara masa baya. Wata 20 suka yi. A Maris 1984 suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a: layi a tashar mota, layi a banki, ma'aikacin da ya makara ya yi tsallen kwaɗo, sharar gari ta zama dole. Aka canza launin kuɗi, aka cika gidajen yari da 'yan siyasa, kotunan soja suka yanke wa tsofaffin gwamnoni shekaru masu yawa. Dattawa da dama har yau suna cewa ba su taɓa ganin Najeriya ta nutsu kamar lokacin ba.

Amma nutsuwar tsoro ce, kuma an zubar da hawaye kafin a same ta. Doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. An harbe mutum 3 kan safarar miyagun ƙwayoyi bisa dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. An yi yunƙurin sato Umaru Dikko daga Landan a cikin akwati. Wanda ya fi taɓa ƙasar Hausa shi ne rufe iyaka. Damina ta ƙi a 1984, hatsi ya ƙare a rumbunan Damagaram da Maraɗi, hanyar da aka saba bi a sayo gero da dawa daga kasuwannin Najeriya kuma aka toshe ta. Mutanen Nijar suna raɗa wa kowace yunwa suna domin kada a manta da ita, wannan sai suka kira ta El-Buhari. Abin ciwon shi ne, wanda ya rufe iyakar ɗan bakin iyakar ne, ya san mutanen Matamaye da Magarya dangin mutanen Daura da Zango ne, auratayya da kasuwa ɗaya suka haɗa su. Sai dai a idon soja iyaka layi ce da ake tsarewa, umarni kuma umarni ne.

Ranar 27 ga Agusta, 1985, ana cikin hidimar Babbar Sallah, Idiagbon yana Makka, Janar Ibrahim Babangida ya kifar da shi. Aka tsare shi a Akure, daga baya aka mai da shi Benin. Fiye da shekara 3 yana tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, kamar yadda shi ma ya tsare wasu. Ya shiga yana ɗan Jihar Kaduna, kafin ya fito an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. 'Ya'yansa suka yi girma ba ya nan. Hajiya Zulaihatu, wadda ta raine shi, ta tsufa a Daura tana jiran ɗanta, Allah ya karɓi ranta a Disambar 1988 ba ta gan shi ba. Sai bayan rasuwarta aka sake shi. A ganina duk cikin abubuwan da kaki ya karɓa daga hannunsa, babu wanda ya kai wannan. Mulki an ƙwace ya dawo masa bayan shekara 30, uwa kuwa ba ta dawowa.

Aurensa na fari ma bai tsira daga wannan tsarewa ba, suka rabu da Hajiya Safinatu a 1988, ta rasu a 2006. A Disambar 1989 ya auri A'isha Halilu, 'yar Adamawa, jikar Muhammadu Ribaɗun nan da ya buɗe wa samarin Arewa ƙofar aikin hafsa. Ita ma 'ya'ya 5 suka samu, mata 4 da namiji ɗaya. Gidansa gidan 'ya'ya mata ne, kuma a nan ya yi abin da ya kamata iyaye maza a ƙasar Hausa su duba: bai cire su daga makaranta ba, sun yi karatu har jami'a, matarsa ma a gidansa ta ci gaba da karatu har digiri na biyu. A Nuwambar 2012 babbar 'yarsa, mai sunan mahaifiyarsa, ta rasu a Kaduna kwana biyu bayan haihuwa, tana fama da cutar sikila. A Disambar 2017 ɗansa namiji tilo ya yi mummunan haɗari da babur a Abuja, Allah ya tashi kafaɗunsa. Waɗanda suka je masa gaisuwa a irin waɗannan lokuta sun ga mutum mai haɗiye baƙin ciki, ba ya nuna shi a fuska.

Ba wai gidan ba ya da tasa rigimar ba. A Oktobar 2016 Hajiya A'isha ta faɗa wa Sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan tsiraru sun kankane gwamnatin mijinta. Yana Jamus, tsaye kusa da Angela Merkel, ya ba da amsar cewa wurin matarsa kicin ne da falo da ɗaki. Duniya ta yi ca a kansa. Magana ce ta namijin da aka haifa a 1942, ba ta kuma dace da wurin da aka yi ta ba. Amma abin da Hajiya ta taɓo gaskiya ne da mutane da yawa ke raɗa: amanar da yake ba na kusa da shi ba ta da iyaka. Malam Mamman Daura, ɗan yayansa ne amma ya girme shi, tare suka tashi, tsohon editan jaridar New Nigerian. Bai riƙe muƙami ba, amma kowa ya san nauyin maganarsa a fadar shugaban ƙasa. Riƙon zumunci abin yabo ne a gida. A gidan gwamnati kuwa, idan shugaba ya ba mutum aiki ya juya baya bai ƙara dubawa ba, jama'a ke ɗanɗana kuɗarsa.

Tsakanin fitowarsa daga tsare da shigarsa siyasa ya koma noma da kiwo, ya shugabanci Gidauniyar Jihar Katsina, sannan Abacha ya ba shi Asusun Rarar Man Fetur, PTF, wanda ya gyara hanyoyi ya zuba magunguna a asibitoci. Ya tsaya takara a 2003, 2007 da 2011, duk bai samu ba. A nan ne wani abu ya faru da ba a saba gani ba: talakawa suka ɗauki tsohon soja, marar kuɗin rabawa, marar daɗin baki, suka mai da shi nasu. Mai Gaskiya suke ce masa. 'Yan acaɓa da masu shayi suna sayen kati su tura gudummawa. A kasa, a tsare, a raka, in ji shi, su kuma suka kwana a rumfunan zaɓe. Ƙaunar tana da nata duhun: bayan zaɓen 2011 tarzoma ta ci rayuka fiye da 800 a Arewa, har da matasa masu bautar ƙasa. A Yulin 2014 bam ya tashi kusa da motarsa a Kawo ta Kaduna, ya fita ba ƙwarzane. A Maris 2015 ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Goodluck Jonathan ya samu miliyan 12.8 ya kuma kira shi ya amince da kaye. A Jihar Katsina kaɗai ya haura miliyan 1.3, abokin takararsa bai kai dubu 100 ba.

Da ya bayyana kadarorinsa a wannan shekara, abin da ya fi jan hankalin mutane shanu 270 ne, da tumaki 25, da dawaki 5, da gidajen ƙasa 2 a Daura. Kusan duk Babbar Sallah yana gida, ya yi idi tare da Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, ya yanka ragonsa, ya zaga gona ya duba garke. Daura ta ga alheri a shekarunsa 8: kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, jami'ar sufuri, asibitin sojan sama, da fara aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara ya ratsa ta garin. A ƙasa baki ɗaya ya kammala jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ya gina gada ta biyu a kan Kogin Kwara, ya ƙarfafa noman shinkafa, sojoji kuma suka ƙwato garuruwan Barno da Boko Haram ta kafa wa tuta.

Sai dai wanda aka zaɓa domin shi soja ne, a zamaninsa ne 'yan bindiga suka mamaye dazukan jiharsa. Batsari, Jibiya, Safana, Faskari, Ɗanmusa, Sabuwa: manomi ya biya haraji kafin ya shiga gonarsa, a sace mata a nemi kuɗin fansa. A Mayun 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, sai bayan wata 2 aka kuɓutar da shi a Kano. Ranar 11 ga Disamba, 2020, Buhari yana hutu a Daura, aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, yara 344 aka sako bayan kwana 6. A Yulin 2022 ayarin da ya yi gaba domin shirya masa Sallah ya sha harbi kusa da Dutsinma. Ga abin da sojoji suka yi wa 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, inda hukumar binciken Jihar Kaduna ta ji shaidar binne mutum 347 a rami ɗaya. Ya sake rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, kasuwar Mai'aduwa da mashigar Kongolam suka ji a jikinsu. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. Jinya a Landan ta ci masa watanni, a 2017 sau ɗaya ya yi fiye da kwana 100. Talakan da ya yi kuka don murna a 2015 ya yi wani kukan daban. Ban taɓa jin wanda ya kawo hujjar cewa Buhari ya cika aljihunsa ba, amma tsabtar hannun mutum ɗaya ba ta hana na kusa da shi ɗiba ba, ba ta kuma kai manomin Batsari gona ba.

A Ƙaramar Sallar 2023 ya roƙi duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Ranar 29 ga Mayu ya miƙa mulki ga Bola Tinubu, a ranar ya kama hanyar Daura, yana cewa idan aka dame shi zai tsallaka Nijar. Ya zauna kusan shekara 2 a gidansa yana karɓar baƙi, yana ganin jikoki, kafin ya koma gidansa na Kaduna a farkon 2025. Daga nan aka tafi da shi Landan. Ranar Lahadi, 13 ga Yuli, 2025, cikin watan Muharram na 1447, ya rasu yana da shekara 82. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je ya rako gawar. Ranar Talata, 15 ga wata, jirgi ya sauka a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina, Shugaba Tinubu da Gwamna Dikko Raɗɗa suka tarbe ta, manyan hafsoshi suka ɗauko ta lulluɓe da tutar ƙasa. Aka bi hanya da ita a mota zuwa Daura, jama'a sun yi dafifi a gefen titi, samari har kan bishiyoyi. Aka yi masa sallah a filin saukar jirgi mai saukar ungulu, sojoji suka harba bindigogin ban kwana, aka binne shi a cikin gidansa. Shugaban Gini Bisau na lokacin, Umaro Sissoco Embaló, ya zo. Daga Nijar, duk da tsamin da ke tsakanin gwamnatocin biyu tun juyin mulkin 2023, Firaminista Ali Lamine Zeine ya zo, tsohon shugaba Mahamadou Issoufou ma ya zo. Kwana biyu bayan haka gwamnatin tarayya ta sa wa Jami'ar Maiduguri sunansa, a garin da ya fara riƙe mulki. Wasu mutanen Barno suka yi na'am, wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar kuma suka tara sa hannu suna neman a bar mata sunanta na asali.